Kwana Biyar a Kan Babur: Zariya, Jos, Bauchi da Komowa

Shekaranjiya da la'asar na shigo Zariya ta Kwangila bayan kwana biyar a kan hanya, kuma har yanzu da nake wannan rubutu tafukan hannuna ba su daina jin rawar kan babur ba. Babur ɗin Honda Transalp ne mai injin 650, ƙirar farkon shekarun 2000, wanda na saya na hannu shekara biyu da suka wuce. Da shi nake zuwa aiki kullum daga Tudun Wada zuwa Samaru, kuma duk wanda ya taɓa lallaɓa babur mai nauyin fiye da kilo 200 a cunkoson PZ da tsakar rana, fankar lagireto tana huro masa zafi a ƙauri, ya san ba don wannan aka ƙera shi ba. Abin da ya sa ke nan na ƙudurta in kai shi inda zai miƙe ƙafa.

Wata uku na yi ina shirya shi. Daga waje na yi odar akwatunan gefe guda biyu na alminiyam, da ƙarin fitilu biyu masu tsananin haske, da abin maƙala waya mai wurin caji, kuma kuɗin akwatunan kaɗai ya isa sayen babur ɗin acaɓa na hannu. A nan gida kuwa, wani mai walda a Sabon Gari ya lanƙwasa bututun ƙarfe ya kewaye mini injin da lagireto, ya yanka faranti mai kauri ya ɗaura a ƙarƙashin injin, sannan mai ɗinkin kujerun mota ya farke sit ɗin, ya rage masa tsayi kamar yatsa biyu, ya sa sabon soso mai tauri. Makanikena ya nace in sa ƙafar tsakiya, wadda ke ɗaga taya daga ƙasa idan za a yi gyara, amma kafin in waiwaye ta fitilun sun cinye kuɗin. Abin da kawai na ji daga shawararsa shi ne sayen tif ɗin gaba guda ɗaya da liba uku, wato ƙarafan ɓamɓare taya daga wili, na jefa su a ƙasan akwati.

Na so in tashi bayan asuba ranar Laraba, wani uzuri ya riƙe ni har bayan azahar. Na wuce Maigana da Soba da Dutsen Wai ba tare da wani abin faɗa ba, in ban da ramuka da buhunan masara da aka jera a bakin titi suna jiran mota. Na bar Pambegua da ɗan nisa sai na ji kan babur ya yi nauyi yana jan hagu, kafin in gama rage gudu tayar gaba ta kwanta. Rana ta riga ta yi ja. Na tura shi a hankali har bakin wani ƙaramin ƙauye, inda wani dattijo ke zaune a kan buzu a ƙofar zaurensa yana ɓare gyaɗa.

"Sannu da hanya, ɗana. Ina aka nufa da wannan ingarma?" in ji shi.

"Jos, Baba, in Allah ya yarda."

Ya dubi tayar, ya dubi rana, ya ce, "Jos tana nan, ba inda za ta. Yau dai nan za ka kwana."

Ya aiki jikansa ya kira mai faci, wani saurayi da ya zo da famfon hannu da kwalin kayan aiki a ɗaure a bayan Boxer ɗinsa. Nan matsalar ta fito fili. Tayar gaban babur ɗina inci 21 ce, alhali baburan da ke yawo a ƙauyukanmu 17 ko 18 suke, don haka ko da na zagaye kasuwannin yankin duka ba zan sami tif da zai shiga ba, ga nawa kuma ƙusa ta huda shi, turawar da na yi ta yage shi daga gindin bawul, faci ba zai kama ba. Na zazzage akwati na ciro wanda makanike ya tilasta mini saye, saurayin ya juya shi a hannu ya ce bai taɓa ganin mai faɗin da'irarsa ba. Saura ɗaga gaban babur, ga shi babu ƙafar tsakiya. Muna cikin shawarar tara duwatsu sai dattijon ya ɗaga murya ya yi magana da cikin gida, jim kaɗan yara biyu suka mirgino turmin daka. Mutum uku suka karkata babur ɗin a kan ƙafar gefe, aka kife turmin, aka tura shi ƙarƙashin farantin nan na mai walda, aka sa guntun katako a tsakani, tayar ta tashi daga ƙasa kamar da jak. Da robar da babur ɗin ya zo da ita ce a wurin, da ban yarda a ɗora mata wannan nauyi ba.

Aikin ya ɗauke mu har bayan magariba, da fitilar waya muka ƙarasa. Sau biyu ina kama hannun wani yaro da ke son matsa birkin gaba alhali an cire wilin, domin idan aka matsa shi a haka takalman birkin haɗewa suke yi, sai an sha wahala kafin a raba su. Wajen iska ma sai da muka yi gardama, shi mai facin yana son ya cika ta ta yi tauri kamar dutse yadda masu ɗaukar buhu ke so, ni kuma na nuna masa ma'aunina na ce a 29 za a tsaya kamar yadda littafin babur ya faɗa. Ya ce taya tawa ce. Abin da ya nema ladan aikinsa bai kai rabin abin da ake karɓa a wurina a Zariya ba idan aka ga girman babur, don haka na ninka masa, kuma har yanzu ina ganin shi ya yi mini rangwame.

An kawo tuwon masara da miyar busasshiyar kuɓewa, muka ci tare da dattijon, aka shigar da babur cikin zauren, aka shimfiɗa mini tabarma da bargo kusa da shi. Da safe bayan koko da ƙosai na dunƙule kuɗi zan sa masa a hannu, ya janye hannun ya ɓata rai ƙwarai, ya ce, "Baƙonka annabinka. Kada ka sake, ɗana." Na daɗe ban ji kunya irin ta wannan safiyar ba, domin na tuna a unguwarmu yawancin zaurukan da na taso na gani an toshe su an mai da su shaguna, an sa ƙofar ƙarfe, kuma da wuya baƙon da dare ya riska ya sami wanda zai tambaye shi daga ina yake, balle a mirgino masa turmi.

A Saminaka na sha mai. Tankin lita 19 yake ci, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 cika shi ya zama abin da mutum ke yi wa lissafi tun daga gida. Na lura da akwatunan nan a cike suna tare iska, lita ɗaya ba ta kai ni inda ta saba kai ni. 'Yan bumburutu sun yi ta ɗaga mini galan a hanya, ban tsaya ba, domin injin mai kafireto biyu ba ya yafe gurɓataccen mai.

Kafin Jengre na faɗa hannun wani jami'i a shingen bincike. Manyan motoci da baburan ɗaukar kaya suna wucewa ba ya ko ɗaga kai, amma yana hango ƙyallin akwatunan ya shigo tsakiyar titi. Ban kai ga cire hular kwano ba ya ce, "Kai, sauko! Mene ne a cikin waɗannan?" Na yi sallama bai amsa ba. Na miƙa lasin da takardun babur da takardar shigo da shi ƙasa, bai karanta ba, ya ce in zazzage komai a ƙasa. Kayan sawana da sallayata da sifanu suka baje a cikin ƙura, yana ture su da ƙafa. Da bai sami komai ba sai ya koma kan fitilun, wai wa ya ba ni izinin sa su. Na ce, "Yallaɓai, idan akwai dokar da na karya, a rubuta mini in je in biya." Ya bar ni tsaye a rana kusan minti arba'in, har wani babba a cikinsu ya zo ya duba takardun ya ce, "Malam, yi haƙuri, kwashe kayanka." Ban ba da ko sisi ba. Bincike haƙƙinsu ne, kuma a halin tsaron da ake ciki ina goyon bayansa, amma ture sallayar mutum da takalmi ba ya cikin aikin kowa.

Daga nan hanya ta fara hawa, iska ta sauya, duwatsu suka yi ta tasowa a jibge bisa juna. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma sanyin da muke kuka da shi a Samaru wasa ne idan aka kwatanta da wanda ke shiga hannun riga a kan babur a can. Washegari na shiga wajen 'yan gwanjo a Terminus, na sami rigar fata ta masu babur mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu. Mai kayan ya faɗi kuɗi, na taya kashi ɗaya cikin uku, ya ce albarka, na juya, ya kira ni, muka daidaita a ƙasa da rabi. A Sabon Garin Zariya ban taɓa cin karo da irinta ba. Dankalin Turawa da kabeji da karas a Farin Gada sun yi arahar da ta sa na ji haushin abin da muke biya a gida, amma ɗakin kwana ya yi tsada ba dalili, kuma ruwan zafi ma sai da na roƙa. Mutanen garin suna da fara'a da son tambaya, sai dai direbobinsu ba sa ba babur hanya.

Tsakanin Jos da Bauchi, bayan Nabordo, na sauka daga kwalta na bi wata burji don in matsa kusa da dutsen Zaranda, a nan yashi ya kwashe tayar gaba muka kwanta ta dama. Ban ji ciwo ba sai ɗan gurjewa. Matasa uku da ke dawowa daga gona suka taimaka muka tashe shi. Ƙarfen mai walda ya ɗan lotsa ya kare lagireto da robobin gefe, ko ɗigon ruwa bai zuba ba, amma akwatin dama ya lauje, makullinsa ya karye, da igiyar roba na ɗaure shi har gida. Su kuwa fitilun, ban kunna su ba ko sau ɗaya a tafiyar nan, domin ba wanda ya san halin hanyoyinmu da zai yarda dare ya same shi a kai. Sit ɗin da aka sake wa soso shi ne ya bar ni ina iya awa uku ban sauka ba.

A Bauchi na ci masa da miyar taushe, kuma na yarda sun fi mu iya ta. Na ziyarci kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a watan Janairun 1966, na yi masa addu'a, na kwana ɗaya.

Komowa ta Ningi da Birnin Kudu da Wudil na bi, na kwana a Kano wurin wani ɗan'uwa, washegari na kamo hanyar Kwanar Ɗangora da Tashar Yari. Jiya da safe na kwance akwatunan na ajiye a ɗaki, na kai babur wurin mai walda ya miƙe ƙarfen da ya lotsa, ya kuma auna inda ƙafar tsakiya za ta zauna. Na sayi turmin shadda da goro, kuma wani direba da ke lodin Saminaka ya ce ya san ƙauyen da zauren dattijon, ranar Asabar zai kai masa.