Tafiyata Vom kan maganar sailej

Bayan asuba muka bar Kano, ta Kwanar Dangora da Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore direba sai kaucewa ramuka yake, a Saminaka muka tsaya aka ci masa, kafin la'asar mun wuce Bukuru sanyi har ya fara shiga jiki. Shanu ne suka kai ni, duk rani sai sun rame kamar ba a ba su komai, shi ne wani abokina ya haɗa ni da wata gonar madara mai yin sailej, wato ɗanyen karan masara da ake yankawa a danne a rami a rufe ya yi tsami don a riƙa ba shanu da rani, can wajen Vom, garin da cibiyar binciken lafiyar dabbobi take tun 1924.

Yaron da ke kula da ɗakin gwajinsu ya ce Alhaji zo ka gani. Ɗaki ne ɗan ƙarami, firij biyu da kwalabe. Daga sailej mai kyau suke ɗebo ƙwayoyin bakteriyar da ke sa shi tsami, su raine su a faranti, su zaɓi irin da ake kira Lactobacillus plantarum su yawaita shi a ruwa mai sukari. Manyan kamfanoni na waje busar da shi suke a sanyi ya koma gari, su nan ruwa-ruwa suke amfani da shi. Aikinsa ya cinye sukarin masarar ya mai da shi tsami da wuri kafin masu ruɓarwa su samu dama, dangin waɗanda ke kama kindirmo ne dai. Akwai wani, buchneri, shi ke hana sailej ɗin ɗumama bayan an buɗe rami, amma sai ya yi wajen wata biyu a rufe.

Ni abin da ya tsaya min a rai wajen ramin ne. Ana yanka masara gutsi-gutsi, ana fesa ruwan, ana bi da tarakta gaba da baya ana dannewa har ka taka ƙafarka ba ta nutsewa, sannan leda da tsofaffin tayoyi a sama. Ya ce Alhaji in iska ta shiga ko ka zuba jarka goma asara ce, kuma kar ka dama ruwan ƙwayoyin da ruwan famfo mai kulorin, kar ka bar shi a but ɗin mota rana ta dafa shi.

Na cusa hannu a ramin bara, ƙamshi mai ɗan tsami ba wari ko kaɗan, shanun kuwa har ture juna suke. A kula mai ƙanƙara na taho da nawa ruwan ƙwayoyin, direba ya caje ni kuɗin kujera guda a kanta.