Kifin ado a ɗan ƙaramin akwariyom, abin da na koya a Yamai

Wata uku kenan da na aje akwariyom, wato akwatin gilashi na kiwon kifi, mai litar 40 a salon, kuma mutane sai tambayata suke wane kifi za su fara da shi. Ni dai gupi nake cewa kullum. Ƙanana ne, jelarsu kala kala, ba su da tsada, suna jure ruwa mai ɗumi har wajen digiri 28, kuma ba ƙwai suke yi ba haihuwa suke, wata safiya na tashi kawai na ga ƴaƴa mitsi mitsi sun ɓuya cikin ciyawa, wallahi na daɗe tsugune ina kallonsu. Namiji ɗaya mata biyu ko uku, in ba haka ba ya matsa ma mace guda har ta gaji. Kifin plati ma haka yake, mai sauƙin hali.

Jan kifin nan da ake sawa cikin kwalba kuwa ku bar shi, ruwan sanyi yake so kuma yana girma sosai, zafin Afrilu na Yamai wahala ce gare shi. Kifin beta yana da kyau kuma yana shaƙar iska daga saman ruwa, ko an ɗauke wuta pompon iska ya tsaya yana jurewa, amma maza biyu wuri ɗaya faɗa ne har mutuwa.

Farko na yi gaggawa na zuba kifi ranar da na cika ruwan robine, guda huɗu suka mutu, abin ya yi mini ciwo. Abin da ya kamata shi ne ruwan ya kwana tukuna kulorin, maganin da ake sa wa ruwan robine, ya fita, filta mai tace ruwan ta yi aiki sati uku zuwa huɗu kafin kifi ya shiga.