Abin da na koya daga gwamnonin daular Abbasiyya

A shekarata ta ƙarshe a sashen tarihi, na zaɓi rubuta kundina kan yadda halifofin Bagadaza suka riƙe lardunansu na nesa. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne nisa. Daga Bagadaza zuwa Ƙairawan, a Tunisiya ta yau, tafiyar makonni ce. Kafin labarin tawaye ya iso fada a mayar da amsa, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Don haka dole halifa ya sakar wa wani ragama. Abin lura shi ne bisa wane sharaɗi.

Yarjejeniyar da ta fi zauna mini a rai ita ce ta shekarar 800. Lardin Ifriƙiya, inda Ƙairawan take, ya addabi Halifa Haruna Rashid da bore, ga shi duk shekara sai an tallafa masa da dinari 100,000 daga baitulmalin Masar. Sai Ibrahim ɗan Aglab ya ce a bar masa lardin, ya yafe tallafin, shi ma zai riƙa aika dinari 40,000. Halifa ya amince, sarautar ta zama gado a gidansa har zuwa 909, ana ambaton halifa a huɗubar Juma'a. A nan na gane cewa sakin ragama ba rauni ba ne muddin kowa ya san abin da ke kansa da abin da ke nasa.

Na daɗe ina bin sawun dukiyar da ta tsaya a gida. Da ita aka sake gina babban masallacin Ƙairawan a 836, aka haƙa manyan tafkunan tara ruwa a bayan gari, waɗanda har yau suna nan, zagayayyu, da katangun dutse masu kauri. Daga wannan lardi ne rundunar da ta fara buɗe tsibirin Sisili ta tashi a 827, kuma jagoranta alƙali ne, Asad ɗan Furat, almajirin Imamu Malik. A wannan daula ce Sahnun ya yi alƙalanci, shi da ya tattara Mudawwana, babban littafin fiƙihun Malikiyya. Ashe fiƙihun Malikiyyar da muke karantawa a zaurukan malamanmu ya yi ƙarfi ne a garin da aka bar wa mutanensa hurumin gudanar da kansu. Wannan ya sosa mini rai ƙwarai.

Amma halifa bai toshe kunnensa ba. Akwai baridi, wato ma'aikatar kai saƙo da dawakai daga zango zuwa zango, kuma shugabanta a kowane lardi idon halifa ne, yana rubuto masa halin gwamna da na alƙali, har farashin hatsi. Halifa Ma'amun ya naɗa Ɗahiru ɗan Husaini gwamnan Kurasan, a gabashin daular, a 821. Shekara ta zagayo, wata Juma'a Ɗahiru ya hau mumbari ya ƙi ambaton sunan halifa, labari kuwa ya kama hanyar Bagadaza ta hannun mai baridi. Ba a jima ba Ɗahiru ya rasu. Abin da ya burge ni shi ne Ma'amun bai huce fushinsa a kan gidan ba, ɗansa Ɗalha ya bar wa kujerar, domin ya san ba mai riƙe masa Kurasan kamar su.

Labarin Ahmad ɗan Ɗulun daban ne. Ya shiga Masar a 868 a matsayin wakilin gwamna, ya ture mai kula da haraji, ya kafa rundunarsa, daidai lokacin da tawayen Zanj, wato bayin da suka yi bore a kudancin Iraƙi, ya ɗauke hankalin Bagadaza. Ba wanda ya zauna da shi aka yanka sharaɗi, don haka rigimar kuɗi tsakaninsa da Muwaffaƙ, ɗan'uwan halifa, ta yi ta ruruwa. A 905 sojojin Abbasiyya suka dawo suka rushe birnin da ya gina, masallacinsa ne ya tsira.

Daga baya malamin fiƙihu Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya raba imarar lardi gida biyu: wadda halifa ya bayar da zaɓinsa, da wadda aka ƙwata da ƙarfi sannan aka nemi tabarrakinsa. Ya halatta ta biyun bisa sharuɗɗa, saboda lalura, don kada hukunce-hukuncen shari'a su ɓaci. Ina ganin ya rubuta abin da idonsa ya gani ne, domin tun 945 Buwaihawa, wani gidan sarauta daga Farisa, suka shiga Bagadaza kanta, suka riƙe soja da baitulmali, suka bar wa halifa huɗuba da sunansa a jikin kuɗi.