Yadda gubar dalmar Zamfara ta shigo ajin kemistiri

Ina koyar da kemistiri a wata sakandare a Zariya. Da muka zo kan ƙarafa da 'yan SS2, sai na bar rubuta ma'anoni a allo su kwafe, na kawo musu abin da ya faru a zahiri. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Bagega, saboda ana haƙo dutsen zinare mai ɗauke da dalma, a kawo shi gida a daka a niƙa a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Na raba su rukuni-rukuni da tambaya ɗaya: manya ke aikin, to me ya sa yara suka fi mutuwa?

Gardama ta kaure. Wasu suka ce ruwan rijiya ne, wasu suka ce ƙura. Sai da suka matsa mini da tambayar me ke cikin dutsen, sannan na rubuta PbS, wato galena, ma'adinin da ake samun dalma a cikinsa, muka shiga yadda jiki ke karɓar dalma kamar kalsiyam ne, da yadda cikin yaro ke tsotse ta fiye da na babba, ga shi kullum hannunsa na baki. Nan wata ɗaliba ta ce, "Malam, ashe kwallin da ake sa wa jarirai fa?" Gaskiya ta faɗa, don da galena ake yin yawancin kwallin gargajiya. Ranar har waɗanda ba sa magana a aji sai da suka tofa albarkacin bakinsu.

Abin da ya fi mini wuya shi ne kame bakina. Malami ya saba ba da amsa, amma da zarar ka bayar, tunaninsu ya tsaya. Hanyar kuma tana cin lokaci, ga manhajar WAEC da NECO na jira, don haka ba kowane darasi nake yi haka ba. Na zaɓi kaɗan masu nauyi. Kanwar da ke sa wake ya nuna da wuri ita ta buɗe mana darasin sinadaran alkali, wato kishiyoyin asid. Zango mai zuwa jimar fata da bagaruwa za mu ɗauka, tunda cibiyar nazarin fata ta NILEST na nan Samaru, kuma akwai 'ya'yan majema a ajin.