Ware wa kyamara VLAN bai isa ya tsare ta ba

Ƙannena masu shigowa aikin netwok, duk na'urar da ba ku da ikon sabunta manhajarta yadda kuke so, ku ware mata nata VLAN ɗin, wato keɓaɓɓen ɓangaren netwok da ake yankewa ta hanyar saiti a cikin suwici (akwatin da wayoyin netwok ke haɗuwa): kyamarorin tsaro, wayoyin ofis na IP, firintoci, na'urar buɗe ƙofa da kati. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da rautoci (na'urorin da ke haɗa netwok da wani netwok) ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta. Irin wannan na'ura ba ta da dalilin zama waje ɗaya da kwamfutar da ake ajiye lissafin kuɗi a cikinta.

Ƙirƙirar VLAN ɗin ba wuya. Ƙa'idar 802.1Q, wadda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a 1998, tana liƙa wa saƙo alama mai bayit 4, a cikinta akwai lambar VLAN, daga 1 zuwa 4094. Ku dai guji VLAN 1, domin a yawancin suwici nan kowace kafa (ramin da ake soka waya) take tun daga kwali.

Inda na yi tuntuɓe shi ne abin da ke biyo baya. Na kwashe kyamarori na zuba su a VLAN 30, na buɗe hanya a rauta domin na'urar da ke naɗar bidiyonsu ta gan su, na ɗauka na gama. Ashe da zarar rauta ta haɗa VLAN biyu ba tare da dokar shiga ba, wato dokar da ke faɗin wa zai kai ga wa, kowa na iya kaiwa ga kowa. Na gina katanga, na bar ƙofar a wangale. Yanzu kafin in taɓa suwici sai na rubuta a takarda wa zai yi magana da wa. Kyamara ta kai ga na'urar naɗi da sabar da ke saita mata agogo, shi ke nan. Ba intanet, ba sauran kwamfutoci.

Sai kafar tarank, wadda ke ɗaukar VLAN da yawa tsakanin suwici biyu. A na'urar Cisco na taɓa rubuta `switchport trunk allowed vlan 30` daga nesa, na manta kalmar `add` kafin lambar. Ba tare da ita ba, umarnin yana share jerin da ke wurin gaba ɗaya ya bar 30 kaɗai. Wayoyi suka mutu, VLAN ɗin da nake bi in shiga suwicin ma ya tafi, allona ya tsaya cak, sai da na je wurin da wayar konsul a hannu, wadda ake jona kwamfuta da suwici kai tsaye da ita. Don Allah, kafin irin wannan gyara ku fara da `reload in 10`: in kun kulle kanku a waje, bayan minti goma suwicin zai sake tashi da tsohon saiti. In komai ya tafi daidai, ku soke da `reload cancel`, sannan ku adana da `copy running-config startup-config`, kada ɗaukewar wuta ta cinye aikin.

Ku tabbata ɓangarorin tarank biyu sun daidaita a kan VLAN ɗin da saƙonsa ke wucewa babu alama, in ba haka ba saƙo zai riƙa faɗawa inda ba nasa ba. In kuma sabbin na'urorin sun ƙi samun adireshi, neman DHCP ɗinsu, wato roƙon adireshi da suke aika wa saba, shi ne ba ya tsallake iyakar VLAN, sai an sa `ip helper-address` a mashigar VLAN ɗin a rauta. Firinta ma zai ɓace wa wayoyin hannu da ke nemansa ta mDNS, hanyar da na'urori ke gano juna da kansu a netwok ɗaya, don haka ku shirya masa tsayayyen adireshi tun kafin ku ɗauke shi.