Tumatirin da ya ƙi zama kai ƙasa

A zangon ƙarshe na karatunmu na aikin gona an ce kowa ya zaɓi gwajin da zai yi da hannunsa. Ni na zaɓi rataye tumatir kai ƙasa. Dabarar ta yi tashe a Amurka, har mujallar Time ta saka wata jakar shuka mai suna Topsy Turvy cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren 2005. Alƙawarin da ake yi mai daɗin ji ne: ba kafa sanda, ba ɗaurin kara, ba cire ciyawa, tsutsar da ke yanke ɗanyen tsiro daga gindi ba za ta kai gare shi ba, kuma 'ya'yan ba za su taɓa ƙasa su ruɓe ba.

Na kai wa malaminmu takardar tsarina, bokiti shida duk a rataye. Ya duba ya ce, "To da me za ka gwada su?" Na ce, "Malam, ai sakamakon zai nuna kansa." Ya ce in ajiye wasu uku a tsaye yadda kowa ya saba, iri da ƙasa da ranar dashe duk daidai da na rataye. A lokacin na ɗauka ƙarin wahala ce kawai ya ɗora mini.

Haɗa abin ba wuya. Bokiti mai cin lita 20, a huda gindinsa rami mai faɗin kamar santimita 5, a zura dashen ta ramin, ganye a waje saiwa a ciki, a tokare wuyan da guntun soso don kada ƙasa ta zube, sannan a cika. Dashen ya kasance ƙarami. Na farko da na gwada ya riga ya girma, wajen cusa shi na karya shi.

Kwana biyu da ratayewa na zo da safe na tarar duk kawunan sun lanƙwashe sun kalli sama, kamar ƙugiya. Na zaci ƙishi ne, na ƙara ruwa. Ba ƙishi ba ne. Tsiro yana jin jan ƙasa, kuma kara a kullum gudun wannan jan yake yi. Idan ya karkace, sinadarin girma da ake kira oksin yakan taru a ɓangaren da ke ƙasa, wannan ɓangaren ya fi ɗayan saurin tsawo, sai karan ya lanƙwasa sama. Tun 1806 wani Bature ɗan Ingila, Thomas Knight, ya nuna haka da ya ɗaura iri masu tsirowa a jikin wili mai juyawa da sauri: saiwa ta bi waje, kara ya nufi tsakiya. Na haddace wannan don jarrabawa, amma ban taɓa kawo shi a raina ba lokacin da nake huda bokiti. Ni ne na juya bokitin, tumatirin bai yarda an juya shi ba.

A wannan lanƙwasar matsala take kwana. Karan ya sauko, ya yi gwiwa, ya hau sama yana neman haske a ƙarƙashin inuwar bokitinsa. Da 'ya'ya suka fara nauyi sai su ja shi ƙasa, nauyin duka ya taru a gwiwar. Wata rana da yamma iska ta kaɗa, washegari na sami ɗaya mai manyan 'ya'ya ya tsage daidai wurin. Masu ƙananan 'ya'ya kamar ƙwallon yara ba su damu ba, suka zubo da rassansu suna lilo. Tun daga nan ban ƙara rataye iri mai manyan 'ya'ya ba.

Nauyi ma na raina shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ƙasar lambu kuma ta fi ruwa nauyi, don haka bokitin da aka cika aka shayar yakan wuce kilo 20 ba tare da an lissafa shukar ba. Hannun bokiti na roba ba don wannan aka yi shi ba. Ɗaya ya ɓalle da dare. Sai da na sake ƙasar da haɗi mara nauyi, takin da ya ruɓe sosai da ɓuntun shinkafa, na kuma ɗaure da sarƙa a jikin ƙarfe.

Ruwa ne ya fi cin lokacina. Bokitin da ke sama iska da rana suna dukansa ta kowane gefe, sai ya bushe da wuri; a ranakun zafi sau biyu nake hawa kujera da butar ban ruwa. Ranar da na yi sakaci, bayan ɗan lokaci sai in ga gindin wasu 'ya'yan ya yi baƙi ya lotsa. Ba ƙwaro ba ne, sinadarin kalsiyam da shuka ke sha daga ƙasa ne bai isa ɗan tumatirin ba, domin a cikin ruwa yake tafiya, idan ƙasa ta bushe yau ta jiƙe gobe tafiyar takan yanke. In kuma na cika ruwa, rarar ta bi ta ramin nan ɗaya tilo, ta gangaro kan kara da ganye da laka a cikinta. Ganyen tumatir kuwa ba ya son zama a jiƙe, nan da nan ɗigo-ɗigon cuta suka bayyana. Abin da ya taimaka shi ne ƙananan huda a gefen gindin nesa da karan, da rufe saman da busasshiyar ciyawa, da zuba ruwa a hankali.

Da lokacin awo ya yi, bokitai ukun da Malam ya tilasta mini su ne suka hana ni yi wa kaina ƙarya. Da ba su nan, da na kalli jajayen 'ya'yan da ke lilo na rubuta cewa dabarar ta yi nasara, don kuwa sun yi kyau a ido. Amma na tsaye sun fi kauri, sun fi yawan fure, sikeli ma ya ba su gaskiya. Na rataye sun fi su tsabta kawai, kuma ban cire ciyawa ko sau ɗaya ba. Haka na rubuta a rahoton, raina bai so ba.

Har yanzu ina rataye guda ɗaya, a wani lungu da ƙasan ba ta da wurin ajiye tukunya amma sama tana samun rana awa shida zuwa takwas. Iri mai ƙananan 'ya'ya ne, sarƙarsa biyu, kuma na saukar da shi daidai kafaɗata don in daina hawa kujera.