Rana guda a ofishin Mielke

Da hantsi na sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Magdalenenstraße da ke gabashin Berlin, ana yayyafi mai ratsa ƙashi. Ina haurowa sai ga gine-gine ruwan toka jere reras. Nan ce hedikwatar Stasi, hukumar leƙen asirin tsohuwar Jamus ta Gabas, wadda Erich Mielke ya riƙe daga 1957 zuwa 1989. Yanzu gidan tarihi ce.

A zauren shiga akwai wata 'yar mota, ka rantse ta masu kai kaya kanti ce. Da na leƙa ciki sai na ga an yanka ta ɗaki biyar kamar akurkin kaji. A nan ake cusa wanda aka kama, a ratsa gari da shi babu wanda ya sani.

Na ɗauka ofishin maigidan zai zama fada. Ina! Bangon katako ne, da kujeru shuɗaye, da tarho a kan tebur, kamar ofishin babban sakatare a kowace ma'aikata. Abin da ya tsayar da ni wani ɗan kati ne da aka zana yadda za a jera masa kalaci: ƙwai nan, burodi can. Mutumin da ke juya ma'aikata kusan 91,000, ban da 'yan kai rahoto wajen 180,000, ko ƙwansa ba ya yarda a aje shi yadda aka ga dama. Na yi dariya, amma ta tsaya mini a wuya da na tuna kwalaben nan masu ƙyalle rawaya a ciki, inda yaransa ke adana warin jikin mutum don karnuka su bi sawunsa.

Takardun da suka bari, in an jera, sun kai kilomita 111. Tun 1992 kowa na iya neman fayil ɗinsa, kuma wasu da suka buɗe sun tarar mijin da suke kwana tare da shi ne ke kai rahotonsu.

Shi Mielke kuwa, ranar 13 ga Nuwamban 1989 ya miƙe a majalisa ya ce yana ƙaunar kowa, aka tuntsure masa da dariya. Ɗaurin shekara 6 da aka yanke masa a 1993 ma ba na wannan aika-aikar ba ne, na kashe 'yan sanda biyu ne tun 1931. Ya mutu a 2000, kabarinsa a maƙabartar Friedrichsfelde babu suna.

Na so in ƙarasa maƙabartar, amma ruwa ya tsuge, sai na faɗa wani shago neman shayi.